Tururin Jego a Wayar Tarho

Shekarar da na yi haihuwar fari muna Ƙanƙara, a ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata da aka gina da bulo a bakin gari. Lokacin ne kuɗin mai ya buɗe wa gwamnati hannu. Duk inda ka duba siminti ne da sabon kwano, malaman makaranta sun hau babura, rediyo har a teburin mai shayi. Malam, maigidana, malamin gona ne, shi ke kula da rabon taki da iri tun daga nan har Faskari da Sabuwa, shi ya sa aka ja mana wayar tarho. Ba mu da lantarki, da fitilar ƙwai muke kwana, amma ga baƙar waya a falo bisa tebur. Na saƙa mata ƙyalle na rufe ta kamar kwanon tuwon baƙo.

Bisa al'ada gida ya kamata in tafi wanka, Faskari, wurin Inna. Allah bai nufa ba. Cikina na tsufa ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, Kawu ƙanenta ya zo ya ɗauke ta zuwa Zariya inda yake aiki, don ta kusanci asibiti. Shi ma akwai waya a gidansa. In ya taso aiki bayan la'asar sai ya nemi a haɗa shi da mu, ya miƙa mata.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda mutanen da suka riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan", in ta matsu ta ce "yarinyar nan". Wurin kakata na tashi, daga nan sai makarantar kwana. In na zo hutu na durƙusa na gaishe ta, takan amsa tana kallon tsintsiya. Ban taɓa shakkar tana sona ba, don nakan tarar da ƙuli-ƙuli da yajin daddawa a ƙasan akwatina ba tare da na ga hannun da ya sa ba. Amma hira, a'a.

Sai ga wayar nan. Ran da Kawu ya fara haɗa mu, na ji Inna ta tambaye ni abin da nake ci, da ko ƙafata na kumburi, da ko ina samun barci. Har dariya ta yi. Ina jin rashin ido ne ya sake mata baki. Na ajiye kan wayar na zauna ina kallon bango, don ban san muryar uwata na da daɗi haka ba.

Da na sauka, mace aka samu, aka sa mata sunan Inna. Gwaggo, yayar mahaifin Malam, ta zo daga Ruwan Godiya don ta yi mani wanka. Tsohuwa ce 'yar firit mai ƙarfin hannu, wadda ta wanke masu jego fiye da yadda za ta iya tunawa. Ta kafa murhu a bayan ɗakina, jikin bango, ta ɗora rabin duro. Safe da yamma ruwa na tafasa, ta tsoma ganyen runhu ta riƙa fyaɗa mani har in ga taurari da rana. Kunun kanwa kuwa sai ta tsaya a kaina na shanye. Ta gasa cibiyar jaririya, ta sa tsohuwar wuƙarta a ƙarƙashin shimfiɗa wajen kanta saboda iskoki. Ba zan taɓa biyan Gwaggo ba, Allah ya haskaka makwancinta.

Malam ya ga mai jego ba ta fita falo inda baƙi maza ke shigowa barka. Don tausayi ya kira wani mai gyaran rediyo daga kasuwa, ya ƙara wa wayar tsawo, ya zagaya da ita ta bayan gida ƙarƙashin bakin kwano, ya shigo da ita ta tagata. Aka ajiye tarho kusa da gadona. Na yi ta sa mashi albarka a zuci.

Kira na farko lafiya lau, sai dai Inna ta gaji a ranar, gaisuwa kawai muka yi. Bayan 'yan kwanaki abin ya soma. Ka ɗaga kan waya sai ka ji shuu, kamar ruwan sama na sauka a kwano daga nesa, can kuma ya koma ƙaras-ƙaras kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi. Muryar Inna da ma ta yi rauni, sai ta nutse a ciki. In ji "ke", in ji "jaririyar", sauran ya tafi. In yi ta cewa, "Na'am, Inna? Ban ji ba, Inna," har numfashinta ya ƙare, Kawu ya karɓa yana ɗaga murya, shi ma rabi nake tsinta.

Gwaggo na bakin ƙofa tana kallona. Ran nan ta ce, "Ɗiyar nan, wane lokaci abin ga ke kuka?"

Na ce, "Da yamma, Gwaggo."

"Da almuru dai. Faɗi gaskiya. Su wa ke yawo da almuru?"

Ta nuna wayar da haɓa, ta ci gaba.

"An jawo igiya tun daga wata uwa duniya, ta ratsa daji, ta ratsa tsamiya da kuka da maƙabarta, an kawo ta har kan gadon mai ɗanyen jiki. Mi kike so su yi? Hanya aka shara masu. Ke ba ki ji yarinyar ga na firgita ba?"

"Kowane jariri na firgita, Gwaggo."

"Haihuwa nawa kika yi da za ki gaya mani kowane jariri?"

Ta turara ɗakin da tazargade. Ta tofa Falaƙi da Nasi a kan wayar daga nesa, don ko da wasa ba ta taɓa ta. Ni ma ina karanta su safe da yamma, ban raina ba. Amma ƙarar ba ta daina ba.

Malam ya kai ƙorafi, aka turo ma'aikacin waya daga Funtuwa. Da azahar ya iso, rana na dukan ƙasa, lokacin bazara ne. Ya ɗaga kan waya a bakin tagata ya saurara, ya yi magana da mai haɗa waya, murya tangaran kamar suna ɗaki ɗaya. Ya hau falwaya ya duba, ya sauko ya ce layinsu ƙalau yake, ya sha ruwa ya tafi. Gwaggo ta tafa hannu a hankali.

"To. Mai abin da kansa ya ce lafiya lau. Da rana ai barci suke."

Da yamma ƙarar ta dawo. A cikinta na tsinci Kawu yana cewa jikin sai addu'a, kuma tana ta son ta yi magana da ni.

Gwaggo ta tsare Malam a tsakar gida, ina ji daga ɗaki. Ta ce ko a fitar da abin nan daga gidan, ko ita ta ɗaure kayanta ta koma Ruwan Godiya, ba za a ce a hannunta aka shafi jinjira ba. Malam mutum ne mai sanyi, kuma Gwaggo ce ta goye shi. Ya shigo ya zauna a bakin gado bai dube ni ba.

Ya ce, "Gobe zan tafi Sabuwa rabon taki. In na dawo zan sa a maida wayar ofis. Duk saƙon da Kawu ya bayar zan kawo maki."

Na ce, "Saƙo za ka kawo mani, Malam, ko muryarta?"

"To ai yanzu ma ba jin ta kike ba."

"Zan ji ta."

"Ki yi haƙuri. Tsohuwa ce, kuma don ke take yi."

"Na sani. Waccan ma tsohuwa ce, kuma ita ba ta da Ruwan Godiyar da za ta koma."

Ban taɓa mayar mashi da magana haka ba. Ya dube ni, ya dubi jaririya, ya tashi ya fita. Bai ce ya fasa ba.

Na yarda akwai aljanu, Alƙur'ani ya faɗa, sura guda ma aka yi da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora masu laifin da ba a kama su da shi ba, a kuma raba ni da uwata a kansa. Mai jego ba ta da abin yi sai kwanciya da shayarwa, saboda haka na sa wa wayar nan kunne. Bini-bini in ɗaga in saurara. Mai haɗa waya na Funtuwa har ya gane ni.

"Hajiya, ina za a haɗa ki?"

"Ba ko'ina, saurare nake."

"To a saurara lafiya."

Da sassafe bayan wanka na ji ƙarar, har ta fi ta yamma. Da hantsi ta ragu. Da azahar tsit. Ashe ba almuru kaɗai ba ne, mu ne ba mu ɗaga ta da safe. Na riƙe wannan a raina.

Washegarin tafiyar Malam aka yi rasuwa a maƙwabta. Gwaggo na son ta shiga gaisuwa kafin rana ta faɗi, sai ta hura wutar wanka da wuri, ana idar da azahar. Ina kwance ina jin itace na ƙara a bayan bango, can ruwa ya soma kuka a duro. Na miƙa hannu na ɗaga waya. Shuu. Rana tsaka, ko inuwa ba ta yi tsawo ba.

Wane irin aljani ne wannan da ke jiran Gwaggo ta hura wuta?

Da ta kira ni wanka na fito, maimakon in zauna a kujera 'yar tsugunne sai na ɗaga kai. Tururi na tashi daga duro yana dukan bakin kwano, yana taruwa, yana ɗiga. Daidai nan wayar ta bi. Daidai nan kuma mai gyaran rediyo ya haɗa tsohuwa da sabuwa, ya naɗe mahaɗin da tsumma, ya maƙale shi a ƙusa. A wannan ƙusar Gwaggo ke rataye damin runhunta in ta gama, jiƙe sharkaf, don ta ga ƙusa ce a inda take buƙatar ƙusa. Tsumman ya yi baƙi, ruwa na bin sa. Malamar kimiyyarmu a sakandare ta taɓa ce mana ruwa da waya ba su zama inuwa ɗaya. Ban ƙara tuna ta ba sai ranar.

Na ce, "Gwaggo, ga aljanunki can."

Ta bi yatsana da ido. "Tsumma?"

"Tururin ga ke jiƙa shi. In ya jiƙe wayar ta yi kuka, in rana ta busar da shi ta yi shiru."

"Wato ruwan wankana ne mugun? Ruwan da ya tashi uwayenku da kakanninku?"

"Ruwanki magani ne a jikina. A jikin waya ne ba magani ba. A matsar da murhun can gindin katanga."

"Ba a tada murhun jego sai an yi arba'in. Zauna ruwa na hucewa."

Na zauna. Ranar ta fyaɗa mani ganye da ɗan ƙarin ƙarfi. Da yamma Kawu ya kira, tsumman bai bushe ba. Duk abin da na samu daga Inna shi ne tari, sai wata doguwar magana da ta yi wadda ko kalma ɗaya ban kama ba. Na san doguwa ce don na ji inda take tsayawa ta ja numfashi. Inna da ba ta taɓa yi mani doguwar magana ba. Na kifa kai a gadon na yi kuka, ba mai sauti ba, don kar a ce nono zai ɓaci.

Kashegari bayan la'asar ruwa ya tafasa, Gwaggo ta kira ni. Na ɗaga shimfiɗar jaririya na zaro wuƙar nan. Na yanko robar tayar keke daga wadda muke ɗaure bakin buhu da ita. Na fito na wuce kujerar wanka, na janye itatuwan daga murhu, na rufe duron da faranti. Na gangaro da turmi na kife shi a gindin bango.

Gwaggo ta ce, "Mi zan gani?"

"Gyara zan yi."

"Da wuƙar yarinya? Kin bar ta ba tsaro?"

"Na bar ta da Ayatul Kursiyyu."

"Mai jego bisa turmi. Ko zama ba a yi a kansa, ke hawa za ki yi. Ƙashinki ɗanye ne, ɗiyar nan. Ki faɗo in ce wa mutanen Faskari mi?"

"Ki ce masu na ƙi jin magana. Ba ƙarya kika yi ba."

"Ki jira mijinki."

"In ya dawo cire ta zai yi. Ke kika sa shi."

"To ba da hannuna ba."

"Ban wanka yau, Gwaggo, sai na ji Inna. Ko ruwan ya daskare."

Wannan ce ta taɓa ta, don a wurinta mai jegon da ta tsallake wanka ta riga ta sa ƙafa ɗaya a kabari. Na yi bisimilla na dafa bango na hau. Turmin na ta girgiza a ƙarƙashina. Sai na ji turmin ya daina motsi. Na duba ƙasa, Gwaggo ce ta rungume shi da hannu biyu, ta tokare da gwiwa, bakinta bai huta ba.

"'Yan boko. An kai ku makaranta an ɗebe maku tsoro an bar ku da taurin kai. Dafa da kyau, don Allah. Ni dai ban gani ba. Kar ki dubi ƙasa, mi kike nema a ƙasa?"

Na warware tsumman, ya rabu a hannuna don ruɓa. A ciki silin waya biyu ne, kowanne an murɗe shi da ɗan'uwansa, sun yi tsanwa kamar gindin tsohuwar butar tagulla, kuma sun kusa taɓa juna, ba abin da ya raba su sai jiƙaƙƙen zare. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya don kar in rikita wane ke auren wane. Na kankare da wuƙa yadda nake kankare gindin tukunya, har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Na goge da bakin zanena. Na murɗe na farko tam, na naɗe shi da roba shi kaɗai. Na murɗe na biyu.

Ina riƙe da shi tsirara wani abu ya cije ni a yatsu, zir, har gwiwar hannu. Na ce wash, na saki.

Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? Sun rama."

A cikin ɗaki tarho na ta ƙararrawa.

Na ce, "Inna ce. Riƙe turmin."

Na jira ƙararrawar ta ɗauke numfashi, na naɗe robar da sauri, na cire wayar daga ƙusa na tura ta can gefe bisa katakon rufi, nesa da duro. Ban san yadda na sauko ba. Gwaggo dai ta ce a kafaɗarta na sauko, kuma ta yi kwanaki tana nuna wa mutane wurin.

Na ɗaga. Shiru, irin shirun da ke bayan an ɗauke ruwan sama. Sai muryar Kawu, kusa, har ina jin agogon bangonsa.

"Yau kam ina jin ki. Ga ta."

Na ji ana gyara mata matashi. Na ji numfashinta.

"Kina jina?"

"Ina jin ki, Inna. Ras."

"Jiya na yi ta zuba, ashe ni kaɗai nake."

"Maimaita mani, Inna."

"Wa zai iya. Maganar ta tafi." Ta ɗan yi dariya, tari ya biyo. "Ina takwarar tawa? An ce baƙa ce."

"Ke ta biyo."

"To ta yi sa'a. In ji ta."

Yarinyar na barci abinta. Ina neman yadda zan yi, sai Gwaggo ta shigo tana share hannu, ta sunkuce ta, ta ɗan murza mata tafin ƙafa. Ta tsala kuka. Gwaggo ta matso da ita, tana kawar da nata kan gefe kamar mai miƙa nama ga wuta. Inna ta saurara har kukan ya lafa, tana cewa, "Kai, masha Allahu, akwai makoshi." Ta yi mata addu'a mai tsawo, na ji kowace kalma, ina amin.

Sannan ta ce a ba ta mai wankan. Na miƙa wa Gwaggo. Ta dubi kan wayar, ta dube ni, ta naɗe hannunta da gefen mayafi ta karɓa. Ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi.

"Salamu alaikum, mutanen Zariya. Ya jikin? Ɗiyarki dai ba ta jin magana. Yanzun nan na sauko da ita daga kan turmi."

Ban ji amsar Inna ba. Na ga dai Gwaggo ta saurara, ta sassauta murya, ta ce, "Haba, ai ɗiyata ce. Na riƙe. Wallahi na riƙe." Ta miƙo mani tana goge ido da mayafin.

Na sa a kunne. Inna ta ja numfashi, ta kira sunana. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Kafin in amsa, ta sake kira.

"Na'am, Inna."

"Ba komai. Je ki yi wankanki kar ruwa ya huce."

Ruwan ya riga ya huce. Gwaggo ta sake hura wuta, kuma a inda murhun yake, don ita ba ta tada murhun jego. Runhun ne dai ta samar wa wata ƙusa.

Da Malam ya dawo ta tare shi tun daga zaure da labarin turmi. Ya zagaya baya ya daɗe yana kallon robar, ya shigo ya ɗaga waya ya saurara, ya ajiye. Maganar kai ta ofis ba ta sake tashi ba. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda tururi ne ba. Cewa take wuƙarta ce ta kore su, da ma ba su shiri da baƙin ƙarfe, ni dai hannu kawai na ara mata. Ban yi musu ba. Wuƙar tata ce.

Mun ƙara yin magana da Inna a yammacin da suka biyo, wata rana doguwa, wata rana sallama kawai. Ba ta sake kiran sunan ba, ta koma "ke" ɗinta. Ban yi arba'in ba ta rasu. Kawu ne ya faɗa mani a wayar nan, na ji shi sarai, ba sai da ya maimaita ba.

Yau in bayana ya motsa, ƙannen Malam mata sukan ce ai turmin nan ne, an faɗa maki ba ki ji ba. Nakan ce masu wataƙila. In da za a maida ni bayan ɗakin nan da ɗanyen jikina, turmin zan sake kifawa.